Me ya sa tayar mota take juyawa baya a talabijin? Tarihin akwatin da aka ƙera daidai da ido da kunnen mutum

Duk wanda ya taɓa zama gaban tele ya kalli fim ɗin da ake tseren mota ya san wannan abu. Mota tana sheƙa gudu gaba, amma sai ka ga tayoyinta suna juyawa baya sannu-sannu, wani lokaci ma su tsaya cik kamar an ɗaure su. Yara su yi ta gardama, wannan ya ce dabarar masu fim ce, wancan ya ce akwatin ne ya lalace. Yanzu kuma da wayoyi suka yawaita, ana turo bidiyon jirgi mai saukar ungulu yana tashi sama alhali farfelarsa ba ta motsi, a rubuta a ƙasa wai abin al'ajabi, wai a tura wa mutum goma.

To jama'a, amsar guda ce, kuma ita ce mabuɗin duk abin da za mu bayyana a nan. Talabijin ba ya nuna motsi ko kaɗan. Hotuna ne tsayayyu yake jerowa ɗaya bayan ɗaya da sauri, ƙwaƙwalwar mai kallo ita ce take haɗa su ta mayar da su motsi. Waɗanda suka ƙera shi sun auna iyakar idon mutum da kunnensa, suka ba shi daidai abin da zai ishe shi, sauran kuma suka bar masa ya cika da kansa. Yawancin abubuwan ban mamakin da muke gani a akwatin nan daga wannan ciniki suka fito.

Bakin wuta da kayen ɗan lakkol

Ku tuna wasan da yara suke yi da dare. Yaro ya zaro bakin wuta daga murhu ya riƙa wulwula shi da sauri, sai ka ga zobe na wuta a cikin duhu. Babu wani zobe a wurin, garwashi ɗaya ne a kan itace. Ido ne ba ya sakin haske nan take, yakan riƙe shi na ɗan ƙanƙanen lokaci bayan ya wuce. Saboda haka idan fitila tana kunnuwa tana mutuwa da sauri sosai, kamar sau 50 ko 60 a sakan ɗaya, yawancin mutane ba sa ganin ƙiftawar, sai su ga haske a tsaye.

Abu na biyu kuma ƴan lakkol sun san shi. Yaro ya zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na kayensa, kowane zane ya ɗan bambanta da na baya, sa'an nan ya saki shafukan da babban yatsa. Sai ɗan mutumin ya fara tafiya. A nan ƙwaƙwalwa ce take aiki: ta ga abu a nan, ta sake ganin mai kama da shi can kusa, sai ta yanke hukunci cewa abu ɗaya ne ya matsa. Ba ta tambayar kowa, kuma kullum hanya mafi kusa take zaɓa.

Kan waɗannan abubuwa biyu aka gina sinima. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, aka tsayar da hoto 24 a kowane sakan. Finafinan da suka riga wannan, marasa murya, da yawansu an ɗauke su da hotuna ƙasa da haka, kamar 16 zuwa 20. Idan aka haska su da saurin 24, sai ka ga mutanen da suna tafiya tsidik-tsidik kamar ana korar su. Mutanen da ba haka suke tafiya ba, injin ne ya ƙara musu sauri.

Lissafin tayar

Mu koma ga mota. A ɗauka ƙarfen tsakiyar taya yana da yatsu biyar, duka iri ɗaya. Kyamarar talabijin irin ta ƙasashenmu tana ɗaukar hoto 25 a sakan. Idan tayar tana kewayawa sau 5 a sakan, to tsakanin hoto da hoto ta juya kashi ɗaya cikin biyar na kewaye. Ma'ana kowane yatsa ya zo ya tsaya daidai inda ɗan'uwansa yake a hoton baya. Tunda yatsun kamarsu ɗaya, hotunan duka sun zama iri ɗaya, sai mai kallo ya ga taya a tsaye. Tayar ƙaramar mota kewayenta ya kai kimanin mita 2, kun ga ke nan wannan yana faruwa ne wajen gudun kilomita 36 a awa, ya sake faruwa wajen 72.

Idan direba ya ɗan rage gudu kaɗan, kowane yatsa ba zai ƙarasa inda ɗan'uwansa yake ba, zai tsaya gab da wurin. Ƙwaƙwalwa tana da zaɓi biyu: ko ta ce yatsan ya yi doguwar tafiya gaba, ko ta ce ɗan'uwansa ne ya ɗan ja baya. Sai ta zaɓi ta kusa, ka ga taya tana komawa baya. In ya ɗan ƙara gudu kuma, sai ka gan ta tana tafiya gaba a hankali kamar ta gaji.

Labarin jirgin nan ma ke nan. Saurin farfela ya yi daidai da saurin kyamara, kowane hoto ya kama ta a wuri ɗaya. Wanda yake tsaye a filin da idonsa ya ga farfela tana juyawa kamar kullum.

Wannan abu ba a allo kaɗai ya tsaya ba, kuma nan ne yake da haɗari. Wutar lantarkin da muke amfani da ita a Nijar da Najeriya tana kai da komo sau 50 a sakan. Doguwar fitilar nan ta neyon, tsohon samfuri, haskenta yana hawa yana sauka sau 100 a sakan, haka ma wasu ƙananan fitilun zamani masu arha. Ido ba ya gani, amma fitilar tana yi wa abin da ke juyawa irin aikin kyamara. Injin niƙa, ko zarton kafinta mai lantarki, ko dutsen wasa ƙarfe, yana iya bayyana kamar ya tsaya ko yana juyawa a hankali alhali yana cikin cikakken gudu. Masu aikin dare a ƙarƙashin irin wannan fitila, kada a miƙa hannu don ido ya ce ya tsaya. A kashe, a saurara har ƙarar ta mutu.

Daga faifai mai huji zuwa layi 625

Sinima tana haska hoto gaba ɗayansa. Talabijin kuwa dole ya aika hoto ta iska, kuma ba a iya aika shi dunƙule, sai an yanyanka shi layi-layi. Wani Bajamushe, Paul Nipkow, shi ya kawo dabarar tun 1884: faifai mai jerin huji yana juyawa, kowane huji yana share layi ɗaya na hoton. Da irin wannan faifai John Logie Baird, mutumin Scotland, ya nuna talabijin ga masana a birnin Landan ranar 26 ga Janairu 1926. Hotonsa layi 30 ne kacal, da ƙyar ake gane fuskar mutum. Fitilun da yake haskawa da su zafinsu ya yi yawa, har a gwajin farko kan ɗan tsana ya ajiye gaban na'urar maimakon mutum. Masu fitowa a shirye-shiryen farko kuma sai an shafa musu fari a fuska, a yi wa leɓe da gira shuɗi mai duhu, don na'urar ta iya rarrabe baki da hanci.

BBC ta fara shirye-shirye na kullum ranar 2 ga Nuwamba 1936. Da farko tana karɓa-karɓa tsakanin tsarin Baird da wani tsari na lantarki zalla mai layi 405, cikin ƴan watanni aka ajiye na Baird. Ranar 1 ga Satumba 1939, da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, aka rufe tashar bayan an nuna wani fim ɗin zane na Mickey Mouse. Da aka sake buɗewa a watan Yuni 1946, a ranar farko aka sake nuna wannan fim ɗin dai, kusan shekara bakwai tsakani.

Akwatin da yawancinmu muka tashi muka gani, mai ƙaton ƙeya, ga yadda yake aiki. A can bayan gilashin akwai wata ƴar bindiga mai harbo tsinin lantarki guda ɗaya. Inda tsinin ya taɓa sai wurin ya yi haske. Yana farawa daga sama ta hagu, ya share layi zuwa dama, ya dawo ya kama na gaba, har ƙasa. A tsarin da ƙasashenmu suka bi, layi 625 ne a hoto ɗaya, hoto 25 a sakan. To amma hoto 25 ya yi kaɗan, ido zai ga ƙiftawa. Sai injiniyoyi suka yi dabarar manomin da yake nome kunya ɗaya ya tsallake ɗaya, in ya kai ƙarshen gona ya dawo ya bi waɗanda ya bari. Tsinin yana zana layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sa'an nan ya koma sama ya zana na 2, na 4, na 6. Gilashin yana haskawa sau 50 a sakan ke nan, da rabin hoto kowane karo, ido kuma ya gamsu.

Ma'anar wannan ita ce babu wani lokaci da cikakken hoto yake kan gilashin. Shi ya sa in ka ɗauki tsohon akwati da kyamarar waya sai ka ga baƙin ɗamara yana hawa ko yana sauka. Wayar ta kama abin da ke wurin da gaske, kai kuma kana ganin abin da ƙwaƙwalwarka ta haɗa.

Me ya sa 25 a nan, 30 a Amurka

Ba a zaɓi 25 da ka ba. An ɗaura saurin hoto ne a kan saurin wutar lantarki, don kada kai da komon wutar ya riƙa jawo igiyoyi masu yawo a hoton. Turai da Afirka wutarsu 50 ce, sai suka ɗauki rabin hoto 50, wato hoto 25. Amurka wutarta 60 ce, ta ɗauki hoto 30 da layi 525. A 1953, da Amurka ta zo ƙara launi, aka tarar saƙon launi yana karo da saƙon murya. Maganin da aka samu shi ne rage saurin da kashi ɗaya cikin dubu, 30 ya koma 29.97. Matsalar da ta jawo haka ta daɗe da wucewa, amma lambar tana nan har yau a cikin kyamarori da wayoyi da yawa.

Ƴan'uwa mazauna waje za su tuna wahalar da wannan ya jawo a zamanin kaset. A ɗauki bikin suna a New York a aiko gida, a sa a bidiyo, hoto ya yi ta birgima ko ya ƙi fitowa sam, sai an kai wa mai juya kaset. Yau ma ragowar abin tana nan: waya mai ɗaukar hoto 30 a sakan, a ɗaki mai fitilar wuta 50, takan fito da bidiyo mai ƙiftawa ko mai ratsi-ratsi. In wayar tana da wurin zaɓa, a mayar da ita kan 25 ko 50.

Akwai wani abin kuma. Fim ɗin sinima hoto 24 ne, talabijin ɗinmu 25. Hanya mafi sauƙi da tashoshi suka bi ita ce su ƙara masa sauri kawai. Fim mai minti 100 sai ya ƙare a minti 96, muryoyi su ɗan ƙara siranta. Shekara da shekaru ana kallo haka, kusan babu wanda ya lura.

Launi uku kacal

A cikin idon mutum akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Duk launin da ka sani, daga ruwan goro zuwa ruwan toka, ƙwaƙwalwa ce take fitar da shi daga yadda waɗannan ukun suka amsa. Saboda haka allo ba ya bukatar launi dubu. Ɗigo uku ake jerawa kusa da kusa, ja da kore da shuɗi, a riƙa ƙara wa wannan haske a rage wa wancan. Rawayar da kake gani a rigar ɗan ƙwallo babu ita a gilashin, ja ne da kore suka haskaka tare. Mai son ya gani da idonsa ya ɗiga ɗan ƙaramin ɗigon ruwa a kan allon waya inda yake fari, ya duba da kyau, zai ga ƙananan ɗigon nan uku.

Ido kuma ya fi kaifi wajen rarrabe haske da duhu fiye da rarrabe launi. Injiniyoyi sun ci ribar wannan: suka aika hoton baƙi da fari da cikakken kaifinsa, launi kuwa suka shafa shi sama-sama. Da haka tsofaffin akwatuna marasa launi suka ci gaba da aiki, suna ɗaukar nasu suna barin sauran. Bidiyon waya na yau ma haka ake rage masa nauyi.

Sai dai ƙasashe ba su yarda da hanya ɗaya ta aika launin ba. Amurka tana da NTSC. Jamus ta Yamma ta fito da PAL, aikin Walter Bruch. Faransa ta fito da SECAM, aikin Henri de France. A 1967 PAL da SECAM suka fara aiki, siyasa kuma ta shiga ciki, kowace ƙasa ta bi wadda take hulɗa da ita.

Nan abin ya taɓa mu kai tsaye. Najeriya ta fara talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, kuma da launi ya zo PAL ta ɗauka. A Nijar talabijin ta aji ya shigo, a 1964, lokacin da aka fara koyar da yaran firamare ta akwati tare da taimakon Faransa, kafin a buɗe Télé Sahel ga kowa da kowa a ƙarshen shekarun 1970. Nijar SECAM ta bi. Saboda haka mutumin da ke kusa da iyaka, in ya ɗaga eriyarsa ya kamo tashar Najeriya da akwatin SECAM zalla, hoto zai zo baƙi da fari, sau da yawa ma babu murya, don tazarar da aka bari tsakanin saƙon hoto da na murya ta bambanta a ƙasashen biyu. Kaset ɗin finafinan Kano, da suka cika kasuwa tun shekarun 1990, su ma kan rasa launinsu a irin wannan akwati. Wannan ne ya sa a wancan zamani mai sayen tele a Maraɗi ko Damagaram yake fara tambaya ko akwatin yana cin tsari duka.

Zuwan launi ya bar labaran dariya. Ranar 25 ga Agusta 1967 a Berlin, Willy Brandt, mataimakin shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a lokacin, ya tsaya gaban kyamara zai danna wani babban jan maɓalli don buɗe zamanin launi. Maɓallin na ado ne, ba a haɗa shi da komai ba, ma'aikata ne a ɓoye za su kunna. Suka yi gaggawa, launi ya bayyana tun bai ƙarasa dannawa ba. A Sweden kuma, ranar 1 ga Afrilu 1962, ranar da Turawa suke zolayar juna, wani masanin fasaha na tashar ƙasar, Kjell Stensson, ya fito da fuska a ɗaure ya ce duk wanda ya lulluɓe gilashin akwatinsa da safar mata ta nailan zai ga launi. Mutane da yawa suka gwada. Sai 1970 launi na gaskiya ya fara a ƙasar.

Har mafarki abin ya shafa, in aka bi wani bincike da aka yi a jami'ar Dundee ta Scotland a 2008. Dattawan da suka tashi da kallon baƙi da fari sun fi matasa cewa suna yin mafarki marar launi.

Abin da kunne yake ji, da wanda ba ya ji

A gidaje da yawa an sha ganin yaro yana tsakar gida ya ce an bar tele a kunne, alhali an kashe murya, babba ya ce ƙarya yake yi. Yaron gaskiya ya faɗa. Layi 625 sau 25 ya ba da 15,625, wato sau nawa tsinin nan yake share gilashi a sakan, kuma kayan cikin akwatin suna rawa da wannan saurin, suna fitar da wani siririn fito. Kunnen yaro yana kamo sauti har kusan rawa 20,000 a sakan. Da shekaru suna tafiya, saman jin yana raguwa, mutum mai shekara 40 ko 50 sau da yawa ba ya jin wannan fito sam. Allon zamani marar ƙeya ba ya yin sa.

Rimot na farko da ya karɓu, wanda kamfanin Zenith ya fitar a Amurka a 1956, da sautin da ya fi ƙarfin kunne yake aiki. Ba ya cin batir. In ka danna, ɗan guduma ne yake bugun sandar ƙarfe a ciki, akwatin ya ji, mutum bai ji ba. Matsalarsa ita ce wani lokaci karkaɗa makullai ma yakan canza tasha. Telekomand na yau da haske yake aiki, hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani. Kyamarar waya da yawa suna ganin sa. In kana shakka ko batir ya mutu, nuna kan telekomand ga kyamara ka danna, in ka ga ɗan haske yana ƙiftawa to da ransa.

Ido da kunne kuma suna aiki tare, ido ne babba. Lasifikar akwati tana gefe ko ƙasa, amma kowa yana jin murya daga bakin mai magana take fitowa. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka haɗa muryar mai cewa "ba" da hoton leɓen mai cewa "ga". Yawancin masu kallo suka ce "da" suka ji. Da suka rufe ido sai suka ji "ba" sarai.

Akwai kuma dalilin da ya sa in murya ta riga baki a fim abin yake damun mutum nan da nan, amma in ta ɗan makara ba a cika lura ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, haske kuwa kamar nan take. Ka hango mace tana daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji dukan. Tun muna yara mun saba sauti ya biyo baya, ba mu taɓa sabawa da ya riga ba.

Masu kallon ƙwallo su ma sun san wani jinkirin. Mai rediyo a kunne yakan yi ihun an ci tun ƴan gidan kallo suna jiran a buga. Tauraron ɗan Adam mai kawo tashoshi yana can sama kimanin kilomita 36,000, hawa da saukar saƙo yana cin kusan rubu'in sakan, sa'an nan matse hoton da warware shi a dikoda ya ƙara wasu sakanni. Wanda yake kallo ta intanet shi ne na ƙarshen ji.

Ɗigo-ɗigon da ke fitowa in babu tasha

Tsohon akwati in bai kama komai ba sai gilashin ya cika da ɗigo-ɗigon fari da baƙi masu tafasa, da ƙara shuuu. Mutanen Sweden suna kiran sa yaƙin tururuwa. Akwatin ne yake ƙara ƙarfin duk wani ɗan saƙo da ya samu. Mafi yawansa daga zafin kayan cikin akwatin yake da na'urorin da ke kewaye. Amma wani ɗan kaso, ana ƙiyasta kamar 1 cikin 100, daga sararin samaniya yake zuwa. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka gano shi a Amurka a tsakiyar shekarun 1960. Wata ƙara ta dame su a babbar eriyarsu ko ina suka juya ta, har suka zargi tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka share kashinsu, ƙarar ba ta tafi ba. Daga baya aka gane ragowar zafi ce ta tun farkon sararin samaniya, a lissafin masana shekara fiye da biliyan 13. Sun samu kyautar Nobel a 1978.

Da tsarin dikoda wannan ɗigo-ɗigo ya ɓace. Yanzu in hadari ya taso saƙo ya yi rauni, sai hoto ya daskare ya farfashe gida-gida. Dalili shi ne ba a aiko kowane hoto cikakke, abin da ya canza daga hoton baya kawai ake aikowa. In wani yanki ya ɓata a hanya, dikoda ba ta da abin da za ta cike gurbin.

Abin kiyayewa

Ranar 16 ga Disamba 1997 a Japan, wani shirin zane na yara mai suna Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi tana ƙiftawa sau 12 a sakan na ƴan sakanni. Mutum 685 aka kai asibiti, yawancinsu yara, wasu da farfaɗiya. Ƙa'idar da tashoshi da yawa suke bi yanzu ita ce kada walƙiya ta wuce sau 3 a sakan. Bidiyon da ke yawo a waya kuwa babu mai tace shi. Gidan da ke da mai farfaɗiya a kula da wannan, kada yaro ya kalli abu mai walƙiya a ɗaki mai duhu fuskarsa manne da allo. In ya faɗi yana kallo, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a kai shi likita a kuma gaya wa likitan abin da yake kallo.

Tsohon akwati mai ƙeya da aka jingine a ɗaki, kada a bar yara su buɗe shi. Mai launi yana aiki da ƙarfin wuta fiye da volt 20,000 a ciki, kuma yana iya riƙe wuta bayan an cire shi daga soket. Gilashin babu iska a cikinsa, in ya fashe yana tarwatsewa, kuma akwai dalma a jikinsa. A bar wa mai gyara.

Sai kuma bidiyon al'ajabi. Kafin a tura wa dangi na gida da na waje, a fara tambaya ko abin da aka gani yana juyawa ne ko yana ƙiftawa, kamar farfela ko taya ko fitila ko zubar ruwa. In haka ne, akwai yiwuwar saurinsa ne ya haɗu da saurin kyamara. Mai fanka a ɗaki yana iya gwadawa yau: ya nuna mata kyamarar waya cikin haske sosai, ya kashe ta, ya kalli allon tana rage gudu. Kafin ta tsaya zai ga fukafukanta sun yi kamar sun daskare, sun koma baya, sun sake yin gaba.